Shin Ma'aikaci Yana Da Baki A Wurin Aikinsa?

 Tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin ma'aikaci yana da ikon tsoma baki cikin yadda ake tafiyar da ma'aikatar da yake cin abinci a cikinta, ko kuwa nasa ya karɓi lada ya yi shiru?

Malaman fiƙihu sun ce ijara ba ta inganta sai da yardar ɓangarorin biyu, a san aikin, a san ladan. Ku dubi ƙissar Annabi Musa (A.S.) a Madyana cikin Suratul Ƙasas. Da dattijon nan ya yanka masa shekara 8 ko 10 na aiki, Annabi Musa bai sunkuyar da kai kawai ba, sai da ya kafa nasa sharaɗin, cewa duk wa'adin da ya cika daga cikin biyun kada a matsa masa da ƙari. Baƙo ne, ba shi da ko abincin yini, amma aka ji ta bakinsa.

To, wasu ƙasashe sun mayar da wannan jin ta baki doka. A Jamus a 1920 aka fara kafa dokar majalisar ma'aikata, aka sabunta ta a 1952 da 1972. Duk ma'aikatar da ke da ma'aikata na dindindin aƙalla 5 suna iya zaɓen wakilansu, kuma ana sake zaɓe kowace shekara 4. Mai ma'aikata ba ya canja lokacin tashi da kama aiki, ba ya ɗora aikin ƙarin lokaci, sai majalisar ta yarda. In suka kasa daidaitawa, kwamitin sulhu ya yanke. In ya kori mutum ba tare da ya saurari majalisar ba, korar ta ɓaci a gaban alƙali. Faransa ta kafa irin tata a 1945, ta sake mata fasali a 2017, amma a can galibi tuntuɓa ce: dole a tambaye ka, ba dole a bi ka ba.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilmi, domin malamanmu sun daɗe suna saɓani a kan ko shawara tana lizimtar shugaba ko kuwa haskaka masa hanya kawai take yi. Ni dai na fi karkata ga cewa shawarar da aka san tun farko ba za ta motsa kome ba, wasa da hankalin bayin Allah ce. A Badar, Hubabu ɗan Munziru ya ga wurin da aka sauka bai dace da yaƙi ba, ya faɗa, Manzon Allah (S.A.W.) kuwa ya tashi da rundunar duka zuwa bakin rijiyoyi.

Sai dai wakilci amana ce, doka kuma ba ta wanke zuciya. A Jamus ɗin nan, a 2005 aka bankaɗo yadda wasu manyan kamfanin Volkswagen suke toshe bakin shugaban majalisar ma'aikatansu da kuɗi da tafiye-tafiyen shaƙatawa, a 2008 kotu ta yanke masa ɗauri. Dubban leburori sun miƙa masa harshensu, ya je ya sayar. Wanda duk 'yan'uwansa suka tura gaban mai gida, a masaƙa ne ko a ofis ko a tashar mota, ya sani tun daga ranar nan kyautar mai gida ta zama abin tuhuma a hannunsa. Manzon Allah ya tsawata wa ma'aikacin zakka da ya komo yana ware wani kaso da sunan kyauta aka ba shi, har ya hau mumbari a kan maganar.