Taron Mako da Haƙƙin Mai Jin Yunwa a Ƙasar Jado

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda arzikin kowane mai rai yake hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, tambaya ta iske mu fiye da sau ɗaya game da zaman da jama'ar masallaci ke yi kowace Alhamis bayan la'asar a Shirfa, inda ake tara abin da ya sawwaƙa na gero, shinkafa, taliya da dabino saboda gidajen da tukunyarsu ke kwana ba ta hau murhu ba. Wasu suna cewa zakka tana nan, fidda-kai tana nan, to mene ne kuma na taro mako-mako? Wasu kuwa suna ganin abin koyi ne da ƙungiyoyin Nasara. Duka biyu tambayoyi ne na masu kishin addini, sun kuwa cancanci amsa.

Sai mu fara da sanin irin yunwar da muke magana a kanta, domin yunwar Jado ba irin ta Damagaram ko Maradi ba ce. Manomin kudu yana duban sama. Idan damina ta yi kyau ya cika rumbu. Mu a nan ba mu da gonar gero. Abin da Allah Ya ba ƙasar Kawar da Jado shi ne dabino da gishiri, saboda haka tun zamanin kakanni hatsi baƙo ne da ke zuwa a kan raƙumi. Ayarin Abzinawa yakan ƙetare Tenere da geron Damargu da na ƙasar Hausa, ya sauke a Fashi da Balma, ya koma da kantun gishiri da dabino. Yau manyan motoci sun karɓi mafi yawan wannan aiki, daga Agadas ta Dirku, ko daga Libiya. Ma'ana, rumbunmu hanya ce. Idan hanya ta toshe, ko don tsaro, ko don rufe iyaka, ko don tsadar mai, to mun shiga fari ko da an yi ruwa a duk faɗin ƙasa.

Tarihi ya sha nuna haka. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kashe raƙuman Abzin masu yawa, ayari ya ragu, mutanen da ba su taɓa shuka ba suka ɗanɗana yunwar manoma. A 2005 kuwa, bayan fari da farar ɗango na 2004, an ga abin da ya kamata kowane mai hankali ya riƙe: hatsi jibge a kasuwannin Maradi, yara kuma suna ramewa a ƙauyukan da ke kewaye, domin kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Haka nan da aka rufe iyakoki a 2023, farashin cimaka ya tashi a kudu, kafin buhu ya iso nan kuwa kuɗin mota ya hau kansa. Irin wannan yunwa ba ta jiran shekara ta zagayo. Mota ɗaya ta yi jinkirin kwana goma, gida ya shiga wani hali. Zakka kuwa tana da lokacinta, fidda-kai sau ɗaya ce a ƙarshen azumi. Ciki bai san wannan lissafi ba.

Sa'an nan ga wani al'amari. Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratul Baƙara, Ya siffanta mana wasu matalauta waɗanda kamun kansu yake sa wanda bai san su ba ya ɗauka mawadata ne, ba su kuwa nace wa mutane da roƙo. Duk wanda ya zauna da mutanen wannan ƙasa, Tubawa ne ko Barebari, ya san siffar nan tasu ce. Dattijo zai kwana biyu a kan dabino da ruwa, ya fito masallaci da rawaninsa tsaf, ka gaishe shi ya ce lafiya lau. Wannan ba zai zo ƙofar kowa ba. Sai an neme shi. Neman nasa kuwa ba ya yiwuwa sai da mutanen da ke haɗuwa a kai a kai, kowa ya faɗi abin da ya lura da shi a unguwarsa. Asalin amfanin zaman Alhamis ke nan. Tara hatsin ma yana bayansa.

Wannan tsari kuwa yana da asali. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi fari mai tsanani a Hijaz, wanda ake kira shekarar toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa gwamnoninsa neman agaji, Amru ɗan Asi ya aiko da cimaka. Shi kansa Umar ya haramta wa bakinsa nama da man shanu, har launin jikinsa ya sauya. Amma abin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne, malaman tarihi sun ruwaito cewa ya naɗa mutane a sassan Madina suna kula da masu gudun yunwa, idan yamma ta yi kuma su taru wurinsa su ba shi labarin abin da suka gani, a ƙidaya waɗanda aka ciyar. Su kullum suke zama. Mu sau ɗaya ne a mako, har wani yana ganin ya yi yawa.

Game da zancen koyi da Nasara, gaskiya ne suna da irin waɗannan ƙungiyoyi. Akwai Rotary, wadda aka kafa a birnin Shikago na Amurka a 1905, kuma an san ta da taron mako. Sai dai haɗuwa domin taimakon mai rauni ba su suka fara ta ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tun kafin a aiko shi ya halarci ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana domin tsaya wa wanda aka zalunta, bayan annabci kuma ya yaba masa. Buhari da Muslimu sun ruwaito yabon da ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai wa daida. A ƙasarmu ma gayya da samariya sun girmi kowane ɗayanmu. Abin da shari'a ke dubawa shi ne me ake yi a zaman, da kuma niyyar masu yinsa.

Kada kuma wani ya zaci wannan aiki nafila ce da mutum zai yi in ya ga dama. Malamanmu na mazhabar Maliku sun lissafa kawar da cuta daga Musulmi, irin yunwa da tsiraici, cikin farillan kifaya: idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan sauran, idan kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Shaihu Halilu a Muhtasar ya kai maganar inda ta fi haka nauyi, domin ya sanya lamuni a kan wanda yake da rarar abinci ko abin sha ya hana wanda ya matsu har ya halaka. Mu da muke zaune a bakin hanyar sahara, inda matafiyi kan iso da ƙishirwa motarsa ta mutu a baya, wannan hukunci ba na karatun zaure kaɗai ba ne. Suratul Ma'un ma ba ta tsaya ga zargin wanda ya ƙi ciyarwa ba, ta haɗa da wanda ba ya kwaɗaitar da wasu su ciyar. Saboda haka wanda ba shi da ko tiya ɗaya yana da abin da zai kawo ranar Alhamis: ƙafarsa da bakinsa.

To, daga ina abin rabawa zai fito? A nan ne muke son masu dukiya su saurara da kyau.

Na farko dabino. Nisabinsa wasƙi biyar ne, wato sa'i 300, abin da ya kai wajen kilo 650. Dabinon da ke sha da saiwarsa ba tare da wahalar ban ruwa ba, kamar mafi yawan namu, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Wanda ake shayarwa da wahala, rabin haka. Sunna ce a kintata shi tun yana kan itace, kamar yadda Manzon Allah ya riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha Haibara. Mutane da yawa sukan zo kakar dabino, su kwashe, su koma inda suka fito, su ce sai can za su fitar. Alhali a mazhabarmu zakka ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai idan na can sun fi buƙata.

Na biyu, wanda ya fi girma, zinariya. A watan Afrilu na 2014 aka gano ta a Jado. Gundumar da ƙidayar 2012 ba ta samu mutum dubu a cikinta ba, sai ga dubban mutane daga kowane sashe na Nijar, da Cadi, da Sudan, da Libiya. Kuɗin ruwa da na abinci suka haura, har gwamnati ta ba da umurnin rufe wurin a 2017. Allah kaɗai Ya san yawan abin da aka fitar daga ƙasar nan. Amma a tambayi gwauruwar da ke Shirfa nawa ya shigo hannunta da sunan zakka. Ga shi kuwa hukuncin a bayyane yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, littafin da ɗalibanmu ke karantawa tun suna yara: abin da aka haƙo na zinariya, idan ya kai nauyin dinari 20, wato kimanin giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in a lokacin da ya fito, ba a jiran shekara. Curin da aka tsinta tsantsa ba tare da wani babban aiki ba kuwa, mashahurin zance shi ne humusi ake fitarwa, ɗaya bisa biyar. Wanda ya samu a waɗannan shekaru bai fitar ba, ya sani bashi ne a wuyansa, daɗewa ba ta kankare shi, ko da kuɗin sun zama mota ko gida a Agadas. Ƙofar biya a buɗe take, ba kuma sai kowa ya ji ba.

Zinariyar nan ta bar mana wasu mabuƙata da ba a cika tunawa da su ba: samarin da suka sayar da abin hannunsu suka zo haƙa, ba su samu ba, kuɗin komawa gida ma ya gagara. Ɗan hanya yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata, ko da mawadaci ne a garinsu. Ba a tambayar ƙabilarsa, ba a tambayar ƙasarsa. Ranar da aka fara cewa wannan namu ne wancan ba namu ba ne a wurin rabon hatsi, ranar albarka ke barin buhu.

Akwai cututtukan da ke kashe irin wannan zama, mun kuwa ga yadda suka kashe ƙungiyoyi a wasu garuruwa. Taro yakan koma shan shayi da hira, a tashi ba a ambaci gida ko ɗaya ba. Ko a shafe wata ana jayayya kan wane ne shugaba wane ne ma'aji. Mafi muni a wannan zamani shi ne ɗaukar hoto da wayar hannu: a tsayar da uwar marayu rungume da ƙullin shinkafa, a watsa fuskarta duniya ta gani. Alƙur'ani ya gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, wannan kuwa ya haɗa duka biyun. Shi ya sa sunayen gidaje ba a karanta su a bainar jama'a. Mutum biyu ko uku amintattu ke riƙe da su, kai kaya kuma bayan isha'i ake yi. Abin da ya shigo da abin da ya fita kuwa, wannan a rubuce yake, kowa yana da ikon dubawa, domin dukiyar jama'a ba ta son duhu. Zakka a ware take daga sadakar ganin dama, saboda ita masu cinta ƙididdigaggu ne.

Muna kuma roƙon iyayenmu mata su ƙara ba da ƙarfi, ko da ta hanyar aiko da saƙo ne. Namiji yana ganin riga a masallaci, mace ce ke shiga cikin gida ta ga murhu da toka mai sanyi.

Abin da ke gaban zaman yanzu shi ne ajiya. Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa tun ana cikin wadata. Mu ba mu da zangarniya, amma muna da lokacin da gero ke araha a kudu, wato bayan kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Buhun da aka saya a lokacin ya fi wanda za a nema da bazara sauƙi nesa ba kusa ba, busasshiyar iskar ƙasarmu kuma tana taimakon ajiya. Ana neman ɗaki mai ƙofa da makulli biyu a hannun mutum biyu, ana kuma neman masu motocin da ke zuwa daga Agadas su ɗauki buhu ɗaya ko biyu a kan kayansu saboda Allah. Mai ɗakin da zai bayar aro, da direban da ya amince, su samu liman ko ladan kafin Alhamis mai zuwa. Allah Ya ba da iko, Ya karɓa daga gare mu da ku.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.