Barlum da Harshen Gidansu

A jami'o'in Sudan ana kiran ɗalibin shekarar farko “barlum”. Suna ne na tsokana, na baƙon da bai san ko ina ɗakin lacca yake ba. Kowane barlum sai ya koyi kwana cikin mutane shida, ya kuma saba da cin bosh, wato burodin da aka jiƙa da romon ful a kwano ɗaya, kowa da hannunsa. Wannan duk mai wucewa ne. Amma yaron da ya fito daga Maiwurno ko wani ƙauyen Hausawa na bakin Shuɗin Nilu yana da jarrabawar da ba ta cikin jadawali. Tun makon farko wani zai tambaye shi: kai wace ƙabila ce?

Kakanninsa ba jiya suka zo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa gari a kudu da Sinnar. Wasu maniyyata ne da suka yada zango, aikin auduga a Jazira ya riƙe su bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Duk da haka har gobe akwai bakin da in ya ce “Fallata”, baƙo yake nufi. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka ya kori dubban Hausawa daga gidajensu, ya nuna cewa tsoron yaron nan ba na banza ba ne.

Ɓoyewa kuwa ba ta da wuya. Larabcinsa daidai yake da na kowa. To in ya ɓoye, ya yi ƙarya?

A ganina shiru daban, musu daban. Idan ya ce “ni ɗan Sinnar ne” ya tsaya nan, gaskiya ya faɗa, kuma babu wanda yake binsa bashin tarihin kakanninsa. Baƙo yana da haƙƙin ya karanci wuri kafin ya kwance kayansa. Matsalar tana farawa ranar da shirun ya soma cin wani. Innarsa ta kira waya, ya amsa mata da Larabci saboda abokan ɗaki suna ji. Aka yi wa Hausawa ba'a, ya taya dariya. Wani barlum ɗan ƙauyensu ya ce masa “sannu” a bakin ɗakin karatu, ya kau da kai. A nan ba kansa yake karewa kaɗai ba. Ya sayi natsuwarsa da kunyar wani.

Wasu za su ce a bar yaro ya karɓo takardarsa, ita ce aka aike shi ya ɗauko, in ya zama likita ko injiniya ƙauyen ne zai ci moriya. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai abotar shekarar farko ita ce ke daɗewa, kuma a kan abin da ya nuna aka gina ta. Abin da bai iya faɗa a wata na biyu ba, a shekara ta uku ya zama sirrin da sai an nemi afuwa kafin a bayyana shi.

Kuma kada a ɗora wa ɗan shekara goma sha takwas kayan duka. Abokan ɗakin da suka sa shi jin kunya su ne da yamma za su yi layi wajen mai agashe, naman da ko sunansa Hausa ne.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗage wa da yawa wannan tambaya. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, ɗaliban Jami'ar Jazira suka watse. Wasu sun yi shekararsu ta farko ta waya a tsakar gida, malami yana bayani da Larabci, Inna a gefe tana kiran ƙannensu da Hausa su zo su ci tuwo.