Lambu a Kan Kufai: Ko Ya Halatta a Yi Dariya a Inda Aka Yi Kuka?

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a babban birni irin Legas ya san darajar inuwa. Idan mutum ya wuni cikin hayaƙin motoci da ƙugin injuna da turereniyar jama'a, sa'annan ya sami wuri mai ciyawa da itatuwa da ruwa mai gudu, sai ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Wannan ne ya sa hukumomin birane suke keɓe fili, su ƙawata shi, su mai da shi lambun shaƙatawa. A wurin Bahaushe, asalin lambu wurin noman rani ne a bakin fadama, inda ake shiga domin albasa da tumatir. Lambun birni kuwa ido da zuciya ne suke cin amfaninsa.

Sai dai akwai abin da mai ziyara kan manta. Lambun birni mutum ne ya zana shi a takarda kafin ya dasa shi a ƙasa, kuma ba a dashe sai an yi shara. Tun da birni ba ya da filin da bai taɓa zama na kowa ba, to, tilas akwai abin da aka kawar kafin furanni su sami wurin zama. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu tambayi kanmu: idan abin da aka kawar ɗin ya haɗa da hawayen mutane, ko ya halatta mu shimfiɗa tabarma a wurin mu yi nishaɗi? In ya halatta, da wane sharaɗi?

Lambuna Uku, Kufai Uku

Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu dubi lambuna uku a birane uku, kowanne da irin abin da yake kwance a ƙarƙashinsa.

Na farko shi ne lambun Al-Azhar da ke birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, wanda aka ƙulla niyyar yin sa a shekarar 1984, wato lokacin da Aga Khan ya yi alkawarin bai wa birnin kyautar lambu, aka kuma buɗe shi a zahiri a shekarar 2005. Filin, mai faɗin kimanin hekta 30, juji ne da mutanen birnin suka yi wajen shekara 500 suna zubar da shara da ɓaraguzan gini a kansa. Da aka shiga kwashe jujin sai ga tsohuwar ganuwar birnin ta zamanin daular Salahuddin Al-Ayyubi ta bayyana, bayan ta daɗe a binne. A nan babu wata gardama mai nauyi. An kawar da ƙazanta, an tono tarihi, an ba mutane inuwa.

Na biyu shi ne Freedom Park da ke kan titin Broad a tsibirin Legas. Wurin nan kurkukun Turawan mulkin mallaka ne tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a shekarar 1885 aka sake gina shi da tubalin da aka kawo daga Ingila. A cikinsa aka ɗaure Herbert Macaulay wata 6 a shekarar 1928, a cikinsa kuma aka tsare Obafemi Awolowo lokacin shari'ar cin amanar ƙasa da aka fara a shekarar 1962. Akwai wurin rataya a gidan. Bayan an daina amfani da shi an rushe shi, wurin ya daɗe a yashe, har zuwa lokacin da masanin zanen gine-gine Theo Lawson ya fito da tsarin mayar da shi lambu, aka buɗe shi a watan Oktoba na shekarar 2010, lokacin bikin cikar Nijeriya shekara 50 da samun mulkin kai. An bar tsohuwar katangar a tsaye, an kuma bar alamar ɗakunan fursunoni domin mai ziyara ya ga ƙuncinsu da idonsa. Wurin da aka san shi da kukan ɗaurarru ya koma dandalin kiɗa da wasan kwaikwayo.

Na uku shi ne Central Park na birnin Niyok a Amurka, mai faɗin eka 843, wanda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana shi a shekarar 1858. A wani sashe na filin akwai wata unguwa mai suna Seneca Village, wadda aka kafa a shekarar 1825. Ƙidayar 1855 ta nuna tana da mutum kimanin 225, kashi biyu cikin uku baƙaƙen fata ne, sauran kuma akasari baƙi ne daga Ireland. Suna da majami'u 3 da makaranta da maƙabartu, kuma da yawansu su suka mallaki gidajensu. Wannan mallaka tana da muhimmanci, domin kuwa a wancan zamani dokar jihar ba ta barin baƙar fata ya jefa ƙuri'a sai yana da ƙadarar da ta kai dala 250. A shekarar 1857 hukuma ta gama tashin su da ƙarfin doka, tare da sauran mazauna filin, jimla mutum kimanin 1,600. An biya masu filaye diyya, amma da dama sun yi kukan ba ta kai darajar abin da aka karɓe ba. Jaridun lokacin kuwa suka riƙa kwatanta mutanen da 'yan kama-wuri-zauna masu zaman bukkoki. Lambun ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da wannan za mu ga cewa kufai ba iri ɗaya ba ne. A Alƙahira lambu ya zauna a kan shara. A Legas ya zauna a kan baƙin cikin da ya riga shi zuwa, wanda ba shi ya haddasa ba. A Niyok kuwa, domin lambun aka haddasa baƙin cikin.

Hujjar Masu Cewa a Manta

Wani zai ce wannan duk neman wahala ne. Hausawa ma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ai babu taƙin ƙasa a bayan duniya da ba a taɓa zubar da hawaye a kansa ba. Garuruwanmu da yawa a kan kufan waɗansu suke zaune, kuma manomi kan ci karo da tsohuwar marina ko fasassun tukwane a tsakiyar gonarsa, bai san ko na su wa ba ne. Idan za a haramta murna a duk inda aka taɓa kuka, to, ba sauran wurin biki. Bugu da ƙari, yaron da yake guje-guje a ciyawar Central Park ba shi ya kori kowa ba, kuma addini da hankali sun haɗu a kan cewa ba a ɗora wa wani laifin wani.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Lalle mai ziyara ba ya da laifi. Hasali ma, a wuri irin Freedom Park, dariyar yara ita ce babbar nasara a kan waɗanda suka gina kurkukun. An yi katangar ne domin ta hana mutum fita. Yau ga jikokin waɗanda aka mallaka suna shiga da ƙafarsu, suna fita lokacin da suka ga dama. Wanda ya ce a mayar da wurin gidan makoki na har abada, ya bar wa ganduroba mabuɗinsa ke nan.

Inda muka rabu da masu wannan hujja shi ne wajen haɗa laifi da bashi. Abubuwa biyu ne daban, kuma shari'ar gado ta bambanta su sarai. Ɗa ba ya gadon zunubin mahaifinsa, amma kuma ba a raba gado sai an fitar da bashin da ake bin mamaci. Wanda ya ci dukiya yana sane da akwai haƙƙin wani a ciki, bai isa ya kare kansa da cewa ba shi ya ci bashin ba. To, mai ziyarar lambu magaji ne. Inuwar da yake sha gado ce, saboda haka ya kamata ya san ko akwai bashi a kanta.

Ma'aunin da Muke da Shi

A tarihin Musulunci akwai misalin da zai taimake mu. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina a shekarar 622, filin da aka zaɓa domin gina masallaci wurin shanyar dabino ne na waɗansu marayu biyu, Sahlu da Suhailu. Akwai itatuwan dabino a wurin, da kangwaye, da tsofaffin kaburbura. An sare dabinon, an baje kangwayen, an kwashe kaburburan. Wato ke nan ba a hana ƙasa ta sake aiki ba. Amma da marayun suka so su bayar da filin kyauta, sai aka ƙi karɓa, har sai da aka saye shi da kuɗi. Idan ginin masallaci bai zama dalilin cin haƙƙin maraya ba, ina ga dashen furanni?

Bisa wannan ma'auni, muna ganin bashin da yake kan mai ziyara kashi uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinsa.

Na farko shi ne gaskiya. Mutanen Seneca Village sau biyu aka kore su: an kore su daga gidajensu, sa'annan aka kore su daga tarihi da sunan da ba nasu ba. An shafe fiye da shekara 100 kusan ba a ambatonsu, sai a shekarar 1992 da masana tarihi Roy Rosenzweig da Elizabeth Blackmar suka fito da labarinsu a littafin da suka rubuta a kan lambun, daga baya kuma, a shekarar 2011, masu haƙo kayan tarihi suka tono harsashin gini da kwanuka da takalmin yaro. Korar farko ta wuce, ba mai iya gyara ta. Ta biyu kuwa tana hannun kowane mai ziyara, domin duk wanda ya san labarin ya kuma faɗa wa ɗansa, ya mayar wa mutanen da sunansu. Ko a Freedom Park ma akwai sauran aiki, domin tarihi ya riƙe sunayen Macaulay da Awolowo, amma talakan da aka ɗaure saboda ɗan ƙaramin laifi, da wanda aka rataya ba mai kuka a kansa, su ma sun kwana a waɗannan ɗakuna. Bahaushe in zai wuce maƙabarta yakan yi wa na ciki sallama da addu'a, ko da bai san kowa ba, sa'annan ya ci gaba da tafiyarsa zuwa kasuwa. Irin wannan ladabi ya ishe mu.

Na biyu shi ne buɗe ƙofa. Hujjar da ake kafawa wajen karɓe fili ita ce amfanin jama'a. Idan aka gama lambu sa'annan kuɗin shiga ko hararar mai gadi suka hana talaka kusantarsa, hujjar ta rushe, abin ya koma ƙwace da aka yi wa ado. Lambun da ɗan dako ba ya iya hutawa a cikinsa da tsakar rana, bai cancanci a kira shi na jama'a ba.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne magana kafin a yi rusau na gaba. Abin da ya faru a Niyok bai yi nisa da mu ba. A watan Yuli na shekarar 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas, ƙarƙashin Raji Rasaki, ta rushe unguwar Maroko, aka raba mutum kimanin 300,000 da matsuguninsu. Ba lambu aka dasa a wurin ba, manyan gidaje ne suka tashi, amma harshen da aka yi amfani da shi iri ɗaya ne: wurin ƙazanta ne, mazaunansa ba su da izini, birni yana bukatar tsabta. Mu da muke zaune a biranen kudu mun san su wa ake fara tasa a duk lokacin da aka tashi ƙawata gari: mai shayi, da mai gyaran takalma, da mai tallan goro a bakin titi, waɗanda da yawansu harshenmu ɗaya da su. Wanda ya zauna a inuwar lambu ya san abin da aka biya kafin a same ta, shi ya fi kowa cancantar ya tambayi hukuma: su wa za a tasa, ina za su, nawa aka ba su?

Kammalawa

A taƙaice, amsar tambayarmu ita ce ya halatta a yi dariya a inda aka yi kuka, domin da haka duniya take tafiya, kuma birnin da ba ya da wurin hutawa yakan taurara zukatan mutanensa. Abin da bai halatta ba shi ne a yi amfani da kyan wuri a binne haƙƙi. Ciyawa tana da saurin rufe tabo, kuma ido in ya ga kore yakan ɗauka tun fil azal haka wurin yake. Saboda haka aikin mai ilimi ne, musamman ɗalibin adabi da aka horar da shi ya nemi ma'anar da take ƙarƙashin kalma, ya karanta lambu kamar yadda yake karanta littafi. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa. Mu shiga lambu, mu sha inuwa, mu bar yara su yi wasa, amma kafin mu naɗe tabarma mu tambayi wanda ya riga mu zama a wurin. Allah ya sa mu dace.