Ƙafa Uku, Hukunci Uku

A tashar da motocin Azare ke lodi a Kano akwai wani dattijo mai faci, rumfarsa na daf da ƙofar fita. Kowa Baba yake ce masa, har shugabannin tasha. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai tari kafin ya tashi, jak biyu, guduma, rabin durom cike da ruwa, sai guntun alli da kullum ke maƙale a bayan kunnensa. Direbobi kan tsokane shi, wai malamin makaranta ne ya yi ɓatan hanya ya faɗo tasha.

Cikin direbobin akwai wani matashi da ake kira Auta, don shi ne ƙaraminsu. Shekara shida yana yaron mota kafin wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya damƙa masa makullin wata Sharon. Ranar da ya ba shi, sharaɗi ɗaya ya kafa masa: "Duk abin da ya sami motar nan, in ji daga bakinka kafin in ji a bakin wani."

Kamar yawancin motocin haya, ƙafafun Sharon ɗin ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Rim biyu na gaba na alminiyam ne, wanda ake ce wa aloyi, masu sheƙi. Na baya da na safaya kuwa baƙin ƙarfe ne. Auta na ji da na gaban nan. Kowace safiya sai ya sa tsumma ya goge su kafin ya karya kumallo.

A mako ɗaya na watan Agusta abu biyu suka same shi. Ranar Litinin, a gidan mai, ya matso da yawa, rim ɗin gaba na hagu ya gogi dakalin famfo, ya kwashe fenti kamar tsawon yatsa. Ranar Juma'a kuma, ranar kasuwar Wudil, yana dawowa da yamma ana yayyafi, ya wuce gada yana sauri ya kauce wa wata motar shanu, sai ƙafafunsa na dama suka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ƙarar ta sa wata tsohuwa a baya yin salati. Ya tsaya, ya zagaya, ya harbi tayoyin da ƙafa. Babu wadda ta fashe. Ya yi hamdala ya ci gaba.

Abin da ke hana shi barci gurzuwar nan ce ta ranar Litinin. Tana gefen ƙofarsa, duk shigarsa da fitarsa sai idonsa ya sauka a kanta, sai gabansa ya faɗi, yana tunanin ranar da Alhaji zai gani. Ramin Wudil kuwa ya manta da shi. Gaskiya ne sitiyari ya fara rawa a hannunsa da zarar maleji ya kai 90, amma wani direba ya ce masa aikin balansin ne kawai, in ya sami sarari ya je a maƙala masa dalma. Gaskiya ne kuma tayar baya ta dama tana sacewa, amma iska ai ba ta da tsada.

Safiya ta uku da ya kawo tayar nan a buga mata iska, Baba ya riƙe tiyo a hannu bai sa ba.

"Ɗana, wannan ƙafar ce jiya, ita ce shekaranjiya."

"Ita ce, Baba. Ƙila ƙusa ce. Buga mini in tafi, ni ne na biyu a layi. Kuma dama ina son tambayarka, wa ka sani mai gyaran aloyi? Dubi abin da ya sami wannan."

Baba ya tsuguna ya shafa gurzuwar da babban yatsa. Bai ce komai ba. Ya jawo jak ya ɗaga ƙafar, ya ajiye bulo a gefenta, ya ɗora allin a kan bulon har bakinsa ya kusa taɓa leɓen rim ɗin, sannan ya juya tayar da hannu. Ta yi ta zagayawa, tazarar da ke tsakaninta da allin ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ya leƙa ta ciki, ya sake yin haka. Ya sauke jak.

"Wannan lafiyarta lau. Fata ce ta ƙuje, ƙashi na nan garau. Ka bar ta."

"Baba, ita ce fa ake gani."

"Na sani. In kana da kuɗin banza ka sai mata fenti. Kawo ta bayan."

Da ya kwance tayar baya, ya watsa mata ruwan sabulu a inda roba ta haɗu da ƙarfe. Ta waje shiru. Da ya kifa ta ya watsa ta ciki, sai ga kumfa na tashi a wuri ɗaya. Leɓen ƙarfen ya lotsa kamar bakin kwanon da aka yar.

"Ga ƙusarka," in ji Baba. "Taya tubles ba ta da tiyub, leɓen nan ne ke riƙe mata iska. In ya lotsa, ko sabuwa dal ka sa sai ta sace. Kuma ka lura, ta ciki ya lotsa. Yawanci haka rami ke yi, domin fuskar rim ta waje tana da abin da ya tokare ta, gefen ciki kuwa ba shi da mataimaki. Shi ya sa wanda ya tsaya a tsaye ya duba ba ya ganin komai."

Ya cire robar, ya ɗora rim ɗin a kan kututture, ya dinga bugun wurin a hankali yana juyawa yana dubawa, har leɓen ya koma daidai. Ya mayar da taya, ya ba ta iska, ya tsoma ta a durom. Ko ɗigon kumfa babu.

"Baƙin ƙarfe mai haƙuri ne. Ya lanƙwashe, a miƙar da shi, ya yafe. In dai lotsawar ba ta yi muni ba, kuma ramukan kusoshi ba su buɗe ba, guduma ta ishe shi. Yanzu faɗa mini, ramin da wannan ta faɗa, ta gaba tsallake shi ta yi?"

Auta ya yi dariyar yaƙe. "Baba, ta gaba ba abin da ya same ta. Dube ta fa, kamar yau aka sayo."

"Sitiyarinka yana rawa?"

Auta ya yi shiru.

"In ciwon na baya ne, a kujera za ka ji shi. In na gaba ne, a tafin hannu. A ina kake jin naka?"

"A hannu."

Daga can ɗan kamasho ya ɗaga murya, motar farko ta cika, Auta ya matso. Baba bai ko waiga ba. Ya riga ya sa jak a ƙafar gaba ta dama. Ya ajiye bulo da alli kamar ɗazu, ya juya. Ta waje kusan babu abin gani. Da ya mayar da allin gefen ciki, sai aka ji ƙit, shiru, ƙit, shiru. Duk zagaye ɗaya sai allin ya taɓa wuri ɗaya ya bar farin zane.

Ya kwance kusoshi biyar ɗin, ya cire robar, ya wanke taɓon da ke cikin rim ɗin. Sannan ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da sifana. Maimakon amo mai tsawo, sai wani sauti ya fito a dakushe, kamar na tulun da ya tsage. Baba ya kama yatsan Auta ya bi da farcensa ta cikin rim ɗin. Farcen ya maƙale a wani siririn layi da bai fi silin gashi kauri ba. Ya taso daga leɓe, ya nufi ciki.

Direban nan da ya ba da shawarar balansin ya matso ya leƙa. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Akwai mai walda a bayan tasha, kafin azahar ya gama. Alhajinka ma ba zai sani ba."

Auta ya dubi Baba da idon roƙo.

Baba ya ce, "Bari in ba ku amsa ɗaya bayan ɗaya. Dalmar balansin nauyi take daidaitawa, ba ta mayar da abin da ya karkace ya zama da'ira. Za ta rage rawar, ciwon yana nan, yana cin taya gefe guda, yana cin boris da shokazoba. Aloyi kuma ba halinsu ɗaya da baƙin ƙarfe ba. In ya ɗan lanƙwashe, akwai masu injin matsawa da kan ɗumama shi su miƙar, ba da guduma ba, don in ka doke shi a sanyi tsagewa zai yi. In ya tsage kaɗan a leɓe, akwai gwanayen da kan yi masa walda. Amma wannan tsagar ta bar leɓe, tafiya take yi. Wutar walda kuma tana sassauta ƙarfin alminiyam ɗin da ke kewaye da ita. Ga shi ƙafar gaba ce, mai riƙe da sitiyari, a motar da ke ɗaukar mutane da buhuna. In ta buɗe kana kan 100 tsakanin Wudil da Shuwarin, iskar ba sallama za ta yi maka ba. Ku kai wa wanda kuka ga dama. Ni dai hannuna ba zai mayar da taya a kan wannan ba."

Auta ya zauna a kan benci ya dafe kai. Layinsa ya wuce, an ba wani. Ya ce a hankali, "Baba, in na faɗa wa Alhaji zai karɓe motar."

"Yana iya karɓa. Amma dubi abin da ka zo da shi yau. Ka zo neman mai gyara wadda ba ta buƙatar gyara, kana ciyar da mai buƙatar gyara da iska, wadda za ta kashe ka kuwa kullum sai ka goge ta da tsumma. Garin neman gira kake shirin rasa ido."

Ya duba robar tayar, ya ga gefenta bai kumbura ba, ya ajiye ta gefe. Ya ɗaura masa safaya. Auta ya sa tsagaggen rim ɗin a but ya nufi Kantin Kwari.

Alhaji ya fito daga shago ya saurare shi har ƙarshe. Ya yi faɗa sosai a kan gudu cikin ruwa, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce rabin kuɗin sabon rim daga aljihun Auta zai fita, kaɗan kaɗan duk mako. Auta ya ce ya yarda. Sannan, don kada ya rage komai, ya nuna masa gurzuwar gefen hagu. Alhaji ya kalle ta sau ɗaya.

"Wannan ai tun ranar Talata na gan ta da ka zo kawo balas. Motar haya ce, ba amarya ba. Ɗauki makullinka ka je Ƙofar Ruwa."

A Ƙofar Ruwa mai shago ya fito masa da rim biyu masu girman nasa. Ɗaya na walƙiya, fentinsa ko ƙura bai sha ba. Ɗayan ya dushe, ga 'yan tabo a fuska. Mai shagon ya tura masa mai walƙiyar, ya ce wannan ne ya dace da matashi irinsa. Auta ya kifa shi, ya bi cikinsa da yatsa. A ƙarƙashin sabon fentin ya ji wani tudu mai kaushi, tsawon ɗan yatsa. Tsohuwar walda ce aka goge aka rufe. Ya ajiye shi ba tare da ya ce uffan ba. Ya ɗauki dusasshen, ya ƙwanƙwasa, amonsa ya fito tar. Ya ce a ɗaura shi a jikin mota a ɗaga, ya ciro guntun allin da Baba ya gutsura masa, ya juya. Allin bai taɓa ko'ina ba.

Mai shagon ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

"Malamin makarantarmu," in ji Auta.

Tsagaggen rim ɗin kuwa Baba ne ya karɓa. Kafin ya sayar wa masu narka alminiyam su zuba tukwane, sai da ya sa guduma ya fasa shi gida biyu, don kada wani ya tsince shi ya shafa masa fenti ya mayar kasuwa. Bugu biyu kacal ya yi, ya rabe ta kan layin nan mai kaurin gashi. Auta na tsaye yana kallo. Bai ce komai ba, sai da ya koma mota ya zauna ya daɗe bai tayar ba.

Har yau gurzuwar na nan a gefen ƙofarsa, bai taɓa yi mata fenti ba.

Aibi iri uku ne, a mota ko a mutum. Akwai wanda ake haƙuri da shi, akwai wanda ake gyarawa tun yana ƙarami, akwai wanda ba shi da magani sai rabuwa. Kunya takan sa mutum ya ruga wajen na farko, domin shi jama'a ke gani. Tsoro kuma yakan sa ya rufe na ukun, domin faɗinsa na da tsada. Mai hankali yakan ɗaga abu, ya juya shi, ya leƙa cikinsa, sannan ya yanke hukunci. In kuma abin amana ne a hannunsa, ya kai wa mai shi labari da bakinsa tun tsagar ba ta buɗe ba.