Tsumman Safe da Fentin Mota

A Affala da ƙauyukan arewacin Tawa, sau da yawa mota kan shigo gida ne ta hannun ɗan cin rani. Mutum ya yi shekaru a Abijan ko Libiya ko Legas, Allah ya buɗa masa, ya sayi 'yar Toyota ta hannu, irin waɗanda jirgin ruwa ke saukewa a Kwatano, ko a Lome tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin ƙasarmu na Yulin 2023. Ya zo ya yi sallah da ita, ya zaga dangi, sannan ya damƙa wa ƙanensa makulli ya koma nema. Daga ranar amana ta hau wuyan yaro. Bai taɓa riƙe mota ba, burinsa kuwa in Yaya ya dawo ya tarar da ita tana ƙyalli yadda ya bar ta.

Abin da zai yi kowa ya san shi. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗauko tsohuwar riga, ya bi jikin motar yana dirje ƙurar da ta kwana a kai, ba ko ɗigon ruwa. Gobe haka, jibi haka. Maƙwabta na wucewa suna yabawa: yaron nan akwai kula. Kafin damina ta zagayo, in rana ta daki kapo sai ka ga siraran zobba sun kewaye hasken, baƙin fenti ya koma toka-toka. Motar maƙwabcinsa, wanda ba ya ko kallonta sai ranar da zai shiga Tawa ya kai wa masu wanki, ta fi tasa lafiya. Garin neman gira an rasa ido.

Dalilin yana cikin ƙurar kanta. Hazon hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun dubban shekaru. Farar ƙasar wurin ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce, kuma irin wannan ƙasa ce wasu masana'antu ke sa wa cikin man goge ƙarfe saboda tana ci. A hanya ta gauraya da yashinmu da jar ƙasar hanyoyin yankinmu na Adar. Ƙwayar yashi tana iya karce gilashi, balle fenti. To wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan wannan ya murza, aikinsa ɗaya da na mace mai dirje gindin tukunya da yashi da toka. Ita dai ta san tukunyarta za ta jure.

Fentin mota ba zai jure ba, don ba shi da kaurin da ake zato. Hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai hana tsatsa, da shimfiɗa, da launi, sai na sama wanda ba shi da launi, shi ne ke ba da ƙyalli yana kuma tare zafin rana. Dukansu a haɗe da kaɗan suka ɗara kaurin takarda guda, kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ko sama da haka kaɗan. Na saman kuwa bai kai rabin wannan ba. Siraran zobban nan da ido ke gani a rana a jikinsa suke, kuma abin da aka zaftare daga gare shi ya tafi ke nan. Tsofaffin direbobin da suka yi zamani da Fijo 504 sun saba da wani fenti dabam, wanda launi da ƙyalli ke haɗe wuri guda. In ka goga sai launin ya biyo tsumma, sabo ya bayyana daga ƙasa. Daga shekarun 1980 ne wannan mai rufin sama ya game motoci. Shi ya sa wata shawarar da ta yi wa kakanni aiki take kashe motar jikoki.

Na ji wani dattijo, tsohon direban hanyar Tawa zuwa Arlit, yana yi wa wani saurayi faɗa a kan haka. Ya ce, "Ɗana, in ba ka da ruwa, ƙyale ta da ƙurarta." Saurayin ya ce, "Baba, ai sai a ce na yi sakaci da kayan Yaya." Dattijon ya ce, "Bari su ce. Goge gilashi da fitilu don ka ga hanya, sauran ka bar shi sai ranar wanka." A ganina nan ne gizo ke saƙar. Yaron ba mugunta ta sa shi ba, kuma ba lalaci ba. Ƙwazon da ake gani shi ake yabawa, wanda ya kame hannunsa don ya san ɓarnar da hannun zai yi babu mai ce masa sannu. Mai riƙon amana yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron lalacewar abin da aka ba shi, sai ya zaɓi aikin da za a shaide shi a kai. Ba a mota kaɗai ake wannan ba, amma a mota ne sakamakon ke fitowa ƙuru-ƙuru tsakar rana.

Ranar wankan ma tana da nata sharaɗi, kuma ruwa a Adar ba abin wasa ba ne. Inda mata ke bin layi a bakin rijiya mai zurfi, ban ga kyan mutum ya malalar da tano guda a kan mota ba. Bido ɗaya na lita 25 yana isar ƙaramar mota in an bi ta da tsari. A kai ta inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, a ɗora tafin hannu a kan kapo a ji ya huce. A fara kwarara ruwa zalla da buta daga rufi zuwa ƙasa, ya kwashe yashin kafin hannu ya taɓa. Sannan bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma. Duk shafa ɗaya a tsoma tsumman a na ɗaurayewa a matse, kafin ya koma cikin kumfa. Wanda ya leƙa gindin bokiti na biyu bayan an gama zai ga jar laka kwance, wadda da duk a jikin fenti za a yi ta yawo da ita. Tayu da gindin ƙofofi su ne ƙarshe, da tsummansu dabam. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar. Akwai masu laushin nan da ake kira mikrofiba a shagunan kayan mota, su ne suka fi. In babu, tsohon tawul mai taushi da aka wanke tas ya fi rigar da ke da maɓalli da zare mai kaushi.

Omo na wanki ne. Yana cire maiƙo da ƙarfi, har da man kariyar da aka shafa wa fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karce. Sabulun ruwa na mota ba shi da tsada in aka duba daɗewarsa, murfi ɗaya ya ishi bokiti.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Duwatsun Adar na farar ƙasa ne, ita ce ma ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko gishirinsa, in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar fararen ɗigo-ɗigo masu taurin kai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, ɗigon ruwa ba ya minti biyu a kan rufi. Saboda haka a wanke ɓangare a tsane shi nan take, kafin a matsa gaba.

Sai maganar gwangwanayen da ake sayarwa, waɗanda sabon shiga ke ɗauka duk abu ɗaya ne. Iri biyu ne, aikinsu kuma kishiyar juna. Ɗaya na gogewa ne: akwai gari mai ci a cikinsa, yana aske saman fentin har ya daidaita da zurfin karcen, shi ya sa karcen ke ɓacewa. Ɗayan kakin kariya ne, ba ya cin komai, rufi yake ƙarawa. Mafi shahara a cikinsa daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Brazil ake samo shi, karnoba. Mai gogewa, sau ɗaya a shekara ma ya yi yawa ga motar da ake wanke ta daidai. Wanda ya ga ƙyallin ranar farko ya mai da shi aikin kowace Juma'a, shi ne za ka ga rufin motarsa ya fara yin fari-fari yana saɓulewa, kuma daga nan sai mai fenti. Kafin a goga a gwada karcen da farce: in farce ya maƙale a ciki, ya wuce inda man gogewa zai kai, a haƙura. Shi kuwa kaki, a shafa shi siriri a inuwa, a bari ya yi hazo, a share. Zafinmu ba ya barin sa ya daɗe. In ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa yana gangarowa, ya shimfiɗe a jiki, lokacin sabuntawa ya yi.

Masu shafa gazuwal don mota ta yi sheƙi ranar ɗaurin aure, sheƙin na yini ɗaya ne, washegari duk ƙurar gari ta manne. Man birki kuwa ko ɗigo ya zuba a fenti a wanke da ruwa maza, yana narkar da shi.

Abin da ya fi kowane gwangwani amfani yana nan a gida: rumfa. Ginshiƙi huɗu da zana ko karan dawa sun tare rana, wadda ita ce babbar mai cin fenti a nan. Gindin bedi ko bagaruwa akwai sanyi, amma akwai ƙaro da kashin tsuntsaye, shi kuma kashin tsuntsu in ya yini a rana yakan bar tambarinsa ko an wanke. Ba a kankare shi; a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai ya yi laushi, a ɗauke. Tampol da ake lulluɓa wa mota mai ƙura, iskar hunturu na kaɗa shi dare da rana, ya yi aikin tsumman safe ba tare da hannun kowa ba. A kuma yi wa rumfar shinge, don akuya ba ta san kuɗin Abijan ba, rufin mota wurin hawa ne a gare ta.

Wani zai ce in fenti ya lalace ai sai a sake shi. Ana sakewa, kuma akwai gwanaye a Tawa da Ƙonni. Sai dai na masana'anta ana gasa shi ne a zafin da ya kai digiri 140, tun gangar jikin tana ƙarfe zalla, ba gilashi ba roba ba waya. Babu garejin da zai iya yi wa motar da aka riga aka haɗa haka. Dillalai sun san wannan sarai. In an kawo musu mota mai sabon fenti, sai su buɗe ƙofa su duba gefen roba ko feshi ya taɓa, su ƙwanƙwasa jiki su ji ko an cike wani wuri, sannan su tambayi hatsarin da ta yi. Ko an rantse musu ba ta taɓa karo ba, sai sun rage kuɗi.