Amanar Tsohuwar Kwamfuta

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka ɗora wa kansu aikin raya tsofaffin kwamfutoci, irin su Macintosh SE/30 ta shekarar 1989, da Amiga 1200 wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1992, shekara biyu kafin ya durƙushe. Abin da ya fi ba su wahala ɗan ƙaramin abu ne mai kama da gwangwani, wanda bai kai kan ɗan yatsa ba, wato kafasito. Aikinsa shi ne ya riƙe wuta ya sake ta daidai, don kada ta riƙa hawa da sauka. To, a cikin cikinsa akwai wani ruwa, kuma in shekaru suka tura sai robar da ta toshe bakinsa ta saki, ruwan ya tsiyayo bisa allon na'urar yana cin siraran hanyoyin jan ƙarfe a hankali. Da farko sautin Macintosh ɗin zai dushe, daga baya ta ƙi tashi sam. Masu gyara sun san alamar, domin da zarar sun ɗora ƙarfen narka dalma sai ƙarnin kifi ya tashi.

Maganin a fili yake: a ciccire tsofaffin, a wanke allon, a liƙa sababbi. Sai dai fa a nan ne gardama ta taso. Wasu sun ce wannan ba kwamfutar 1989 ba ce kuma, an yi mata ƙari da kayan yau. Gardamar kuwa ta girmi lantarki. Marubucin Girka Fulutak ya kawo labarin jirgin ruwan Tisiyus, wanda mutanen Atina suka riƙa canja masa katako duk lokacin da ɗaya ya ruɓe, har masana suka rabu biyu a kan ko shi ne jirgin farko. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce to in wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake harhaɗa su fa?

Mu dai a ganinmu masu cewa kada a taɓa sun manta da abu guda. Katako yakan ruɓe shi kaɗai, amma kafasito in ya mutu sai ya ja maƙwabtansa, ko da kwamfutar na ajiye cikin kwali ba a kunna ta. Saboda haka wanda ya naɗe hannu da sunan girmama asali, shi ma hukunci ya yanke, kuma na kisa ne, illa iyaka ba a ga hannunsa ba. Ai mai soron ƙasa da ya ƙi yaɓe don kada ya rufe sawun hannun kakansa, damina ce za ta ba shi amsa.

Amma kada mu wanke masu gyara tas. Akwai mai gaggawar da zai murɗe kafasito da filaya ya ɓanɓaro har jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Akwai mai canja duk wanda ya gani, lafiyayye da majinyaci, don kawai ya ji ana yi. Wanda ya fi damun mu shi ne mai gyarawa ya yi shiru, ya sayar da sunan ba a taɓa buɗe ta ba. Shi ya sa muke jinjina wa waɗanda kan zuba tsofaffin a 'yar leda, su rubuta ranar aikin da abin da suka canja, su ajiye tare da na'urar saboda wanda zai gaje ta.