Me Za A Rage, Me Za A Bari? Tsokaci A Kan Hidimar Kirsimeti

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba sai an gaya masa Kirsimeti ta matso ba. Tashar Unguwa Uku takan cika da masu haramar tafiya gida, kuɗin mota ya tashi, teloli su koma kwana a shago, masu kaji kuma su ƙi sallamawa. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda muke shan famfo ɗaya da su, mukan gan su cikin kai da kawo tun sauran mako uku. Tambayar da muke so mu ɗora a faifai ita ce: iyalin da aiki ya riga ya yi wa yawa, in suka rage wa bikin nan hidima, sun tauye shi ke nan, ko kuwa sun ceto shi? In kuwa ragewar ta zama dole, to me za a rage, me kuma za a bari?

Mu ɗauki misalin gida irin wanda ba shi da wuyar samu a unguwannin nan. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ciwo bai san ranar biki ba, aikin dare kuma ba ya jiran kowa. Maigida yana shago ko ofis daga safe har magariba. Duk da haka ana jiran su yanko atamfa a Kantin Kwari, su auno shinkafa da mai a kasuwar Singa, su yi ankon Zumuntar Mata, su kai yara koyon waƙoƙin coci, su soya cincin da kaji, sannan su ɗauki tsaraba su nufi ƙauye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara nauyi. Galibin wannan kaya kuwa a kan mace ɗaya yake sauka. Ranar 25 ga wata kowa ya yi ado ya fita, ita tana gindin murhu, idanu sun yi ja don hayaƙi da rashin barci.

Abin lura shi ne, asalin abin da ake tunawa bai zo da wannan ɗawainiya ba. Linjilar Luka ta nuna an haifi jaririn ne a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi saboda ba a sami masauki ba, kuma makiyaya ne suka fara zuwa barka. A Suratu Maryam ma, a gindin dabino haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ta kasance, abincin mai jego kuwa ɗanyen dabino ne da ruwan ƙorama. Duk inda mutum ya duba, sauƙi zai gani. Shi kansa bikin na 25 ga Disamba, shaidar farko da tarihi ya riƙe ta yin sa a birnin Rum ta shekarar 336 ce. Katin gaisuwar Kirsimeti na sayarwa sai a 1843 ya ɓulla a Ingila. Wato yawancin abin da ake ɗauka farilla a yau, ado ne da zamani ya yi ta yaɓawa. A Wusasa ta Zariya, cocin da aka gina a 1929 da ƙasa aka yi shi, irin ginin Hausawa, kuma bai hana a yi bikin a cikinsa shekara da shekaru ba.

A cikin Linjilar Luka ɗin dai akwai labarin 'yan'uwa mata biyu, Marta da Maryamu, da suka yi babban baƙo. Marta ta duƙufa hidima har ta kai ga ƙorafi, ita kuwa Maryamu ta zauna tana sauraren baƙon, kuma ita aka ce ta zaɓi abin da ya fi. Darasin a fili yake. Hidima don baƙo ake yin ta, to in ta hana mai gida zama da baƙon, ta ci amanar kanta. Mu a ganinmu biki lokaci ne da al'umma ta keɓe domin mutum ya ajiye neman abinci ya fuskanci Ubangijinsa da 'yan'uwansa. Iyalin da suka ƙare bikin ba su zauna tabarma ɗaya sun yi hira ba, sun yi aiki ne kawai, sai dai aikin da ba albashi.

Sai dai kuma a nan gizo ke saƙar. Wani zai ce, ai wannan wa'azin sauƙi mafaka ce ta marowaci. Zai ce yaro shekara guda yake jiran sabon takalmi, tsohuwa a ƙauye tana ƙirga kwanakin zuwan jikokinta, tela da mai kaji da direba kuma da wannan kaka suke rufa wa kansu asiri. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Bikin da aka tsiyaye shi har ya zama daidai da kowace Talata, ya tashi daga biki. Shi ya sa masana tun dā ba su yabi ƙanƙamo ba. Aristotil, masanin falsafar Girka, ya ajiye kyauta a tsakanin munanan halaye biyu, wato rowa da almubazzaranci. Suratul Furƙan ma ta siffanta bayin Allah na gari da cewa su masu tsayawa ne a tsakanin biyun nan in sun tashi ciyarwa. Bahaushe kuwa ya taƙaice zancen da cewa daidai ruwa daidai tsaki.

To, yaya za a gane tsakiyar? Shawararmu ita ce iyali su zauna tun farkon wata su kasa hidimomin gida uku, su tambayi kowace hidima: don wa ake yin ki? Akwai wadda ake yi don Allah, kamar zuwa majami'a da taimakon marasa ƙarfi. Akwai wadda ake yi don mutane, kamar ziyarar iyaye, da farantin maƙwabci, da ɗan abin da zai sa yaro murmushi. Sannan akwai wadda ake yi don idon mutane: ɗinki na uku bayan biyu sun isa, anko a kan anko, sabbin labule, da hotunan da za a saka a WhatsApp don kada a ce wance ta gaza. Kashi na ukun nan shi ya fi cin kuɗi da barci, shi ne kuma ya fi ƙarancin lada. Abin takaici, in aljihu ya matse, da yawanmu da na biyun muke fara yankewa, domin maƙwabci ba zai zo ya tambayi kwanonsa ba, amma rashin sabon ɗinki kowa zai gani.

Wannan kwano kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Kano. Garin nan ya ga rikicin Oktoban 1991, ya ga na Mayun 2004, kuma waɗanda suka shaida sun san cewa a irin ranakun nan maƙwabci ne ke buɗe wa mutum ƙofa ko ya rufe. Al'adar da wasu Kirista ke yi ta kiran Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya domin maƙwabta su ci hankali kwance, da naman layya da ke tsallaka katanga zuwa gidansu in Babbar Sallah ta zo, su ne zaren da ke ɗinke unguwa. Wanda ya soke wannan da sunan sauƙaƙawa, alhali ya bar ado, ya rage abin da bai kamata ba.

Sauran kuwa dabara ce. Girki kala ɗaya mai kyau ya wadatar. Maigida da samarin gida su kama aiki, ko fige kaji ne ko wanke tukwane, domin uwargida ita ma ta san an yi biki. In tafiya gida ta gagara bana, a aika da saƙo a buga waya, a je in hanya ta yi sauƙi, tunda zumunci ba ya ruɓewa ranar 26 ga wata. Kuma a ware kuɗin makaranta tun kafin a shiga kasuwa. Mu da ke riƙe da alli mun sha ganin yadda zango na biyu ke farawa a watan Janairu: yaro da takalmi mai sheƙi, amma ba littafi, wani ma an koro shi gida saboda ba a biya ba. Murnar kwana biyu ba ta kai wannan kunya ba.

Kada mai karatu Musulmi ya ɗauka zancen na wasu ne. A shekarar 2000 Ƙaramar Sallah da Kirsimeti cikin mako guda suka faɗo, haka ma Babbar Sallah a 2007, kuma layi ɗaya aka bi a wajen tela, kuka ɗaya aka yi da tsadar kaya. Kakanninmu da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ba su san Kirsimeti ba, amma sun san halin ɗan Adam. Tambayar da muka ba maƙwabtanmu ita ce za mu yi wa kanmu in azumi ya kai ashirin: wannan hidima don wa? Abin da aka yi don Allah da don mutane a riƙe shi ko da ƙanƙane ne, na idon mutane kuwa a sauke, ba wanda zai mutu.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya zaunar da unguwanninmu lafiya, amin.